Warƙa Tara da Suka Rage

"Wannan ba ta yi ba," in ji Malam Nassirou mai hoto. Ya ɗora tafin hannunsa bisa kan ƙafa-ukun da ake girka kyamara a kanta, ya danna, ya ɗan murɗa, sai ga ta tana karkarwa kamar karan dawa. "Sauko mani da waccan baƙar."

Mai kantin, wani Bazabarme mai fara'a, ya yi dariya. "Kai Bagobiri, ta biyar ke nan! Ƙafa-uku kake saye ko ragon layya?"

"Da Bazabarme ya iya zaɓen rago ai da bai yi layya da ƙashi ba. Miƙo ta."

Malam Haruna yana tsaye a gefe da tasbaha a hannu. Shekara talatin da ɗaya ke nan bango guda ya raba gidansa da na Nassirou a unguwar Boukoki, shi yana karantar da littattafai a zaure, maƙwabcinsa yana ɗaukar hoton mutane. A tsawon wannan zama, ban da hoton takardar ɗan ƙasa, bai taɓa yarda kyamara ta dube shi ba, Nassirou kuma bai taɓa matsa masa ba. Abin da ya haɗa su a Babbar Kasuwa ran nan littafi ne.

Littafin yana Lamordé, hayin kogi, a hannun wata dattijuwa, Hajiya Iklima. Waƙoƙin wa'azi ne da ajami, rubutun hannun mahaifinta, malamin da Haruna ya yi karatu a gabansa a Tahoua. Shekarar da kogi ya shiga gidaje, ruwa ya taɓa shi. Tun daga nan tawadar take dushewa, funfuna tana cin gefunan warƙoƙin. Hajiya kuwa ta yi wa mahaifinta alkawari littafin ba zai ƙetare ƙofar gidanta ba. Sai dai a je a ɗauke shi a hoto, warƙa bayan warƙa, kafin damina ta sauka danshi ya ƙarasa shi. Tsohuwar ƙafa-ukun Nassirou ta katako ce, nauyinta ya kai na ɗan maraƙi, shi kuma ciwon zuciya ya riga ya hana shi ɗaukar ko tulun ruwa.

Nassirou ya naɗe baƙar, ya gwada ta a cikin jakarsa, ta shige. Ya auna ta a hannu, ba ta kai kilo biyu ba. Ya buɗe gaɓoɓin ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure, ya jingina nauyinsa, babu wadda ta zame. Sannan ya durƙusa da ƙyar ya leƙa ƙarƙashinta, ya ga wata 'yar ƙugiya tana rataye.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ita ce."

"Saboda wannan 'yar ƙugiyar?" in ji Haruna.

"Za ka gani, Malam."

Ya kuwa gani tun ranar farko. Da hantsi suka ƙetare kadarko a taksi, Hajiya ta shimfiɗa masu tabarma a inuwar itacen bedi, gama Nassirou ya ce hasken inuwa ne ke fito da tawada mai rauni. Ya buɗe ƙafafun, ya fara da gaɓoɓi masu kauri, ya bar siraran a ciki. Wuyan tsakiya da kyamarar ke zama a kai ma bai ɗaga shi ba. Ya sunkuyar da kyamara ta dubi warƙar farko. Sai iska ta taso daga kogi, ƙafa-ukun ta fara ɗan motsi. Ya zaro butarsa ta alwala daga jaka, koriya mai tsagaggen murfi, ya cika ta a famfo, ya rataye ta a ƙugiyar. Butar ta yi lilo sau biyu ta tsaya, ƙarfen ya kafe kamar an dasa shi.

"Abu mara nauyi a hanya ake son sa," ya ce. "In an iso, sai a ara masa nauyi."

Haka suka yi ta zuwa Asabar da Laraba. Ruwa ya rikita jerin warƙoƙin, babu lamba a jikinsu, sai kalmar nan guda da marubutan dauri suke ajiyewa a ƙasan shafi don ta nuna farkon na gaba. Haruna ke bin ta yana jerawa, wani lokaci ya daɗe yana kallon rubutun malaminsa bai miƙa ba. Nassirou ba ya hanzarta shi. Hannuwansa sun riga sun fara karkarwa, saboda haka ya sa wa kyamarar jinkiri: ya danna, ya janye hannu, ya ce "Subhanallah" sau uku a hankali, sannan ta ɗauka da kanta. Bai taɓa taɓa warƙa ba tare da alwala ba, ko da yake babu wanda ya umarce shi.

"Malam Nassirou, ka sha kunu mana," Hajiya takan ce daga ƙofar ɗaki. "Tun safe kana durƙushe."

"Hajiya, haske ba ya jiran mai shan kunu."

Sun ɗauki saba'in da biyar, saura tara, sai ciwon ya kayar da Nassirou. Kwana huɗu ya yi a asibiti, lokotoro ya ce a mai da shi gida. Ranar Talata bayan la'asar ya aika matarsa ta kira Haruna. Haruna ya tarar da shi jingine da matashi, ƙafafunsa sun kumbura, jakar ƙafa-ukun tana gefen gado.

"Buɗe ta, Malam."

"Haba, Nassirou. Ka warke mu koma tare."

"Ka ji ƙamshin iskar nan? An yi ruwa a gabas. Buɗe ta."

Haruna ya buɗe. Ya fara zaro siraran gaɓoɓi.

"A'a! Masu kauri tukuna. Shekara talatin kana gyara wa mutane karatu, yau ga ka a gabana." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Kada ka ɗaga wuyan. In ta yi gajere, kai ka durƙusa."

Sau shida ya sa shi ya girka ya naɗe. Ya nuna masa inda ake dannawa, da yadda ake duba ko baƙaƙen sun fito sarai. Daga ƙarshe, da kyamarar ke tsaye tana kallon gadon, Haruna ya ce, "In kana so, in zauna kusa da kai ta ɗauke mu."

Nassirou ya dube shi. "A'a, Malam. Ban roƙe ka ina da lafiya ba, ba zan karɓa don kana jin tausayina ba. Ka dai yafe mani abin da na yi maka a zaman nan."

"Ba ka yi mani komai ba sai alheri. Ni ma ka yafe mani."

Ranar Alhamis da hantsi Allah ya karɓi abinsa, Haruna yana riƙe da hannunsa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Shi ya yi masa wanka, shi ya sallace shi. Allah ya jiƙansa da rahama.

Ranar Litinin, bayan addu'ar uku, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Haruna ya rataya jakar, ya ƙetare kadarko shi kaɗai. Hajiya Iklima ta yi masa gaisuwa tana share ido da gefen mayafi, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo littafin. Ya girka ƙafa-ukun yadda aka koya masa, ya ɗauki warƙa ta farko, ya duba. Baƙaƙen sun fito bibbiyu, babu mai iya karanta su. Ya sake, haka. Iskar hadari tana kaɗa ganyen bedi, ƙarfen yana karkarwa a gabansa. Ya laluba jakar har ƙasa, bai san ma abin da yake nema ba.

"Malam," in ji Hajiya. Tana tsaye da koriyar buta a hannu. "Ranar ƙarshe da kuka zo marigayin ya manta da ita a bakin famfo. Na cika ta."

Ya karɓa da hannu biyu, ya rataye ta a ƙugiyar.

Takwas suka wuce lafiya. Ta tara rabinta fari ne, a ƙasanta malaminsa ya rubuta da siririn alƙalami: Allah ya gafarta wa wanda ya rubuta, da wanda ya karanta, da wanda ya tsare shi daga ɓata. Haruna ya karanta a fili. Ya danna, ya janye hannu, ya yi tasbihi sau uku.

Kyamarar ta yi ɗan ƙas. Hajiya ta rungume littafin ta shige ɗaki da shi. Ɗigon farko ya faɗo bisa tsagaggen murfin butar, ita kuwa tana nan rataye, ko motsi ba ta yi.