Takarda ta Biyu a Shagon Yaya

Injin hoton takardu ya sake cije takarda. Yaya ta buɗe cikinsa ta zaro ta a yamutse, ta ɗan bubbuga gefensa kamar mai lallashin yaro. Shekara tara ke nan tana riƙe da wannan shago na Baba da ke bakin ƙofar jami'a, tun lokacin da ciwon ƙafa ya zaunar da Baba a gida, wata biyu bayan ta gama digirinta. Ɗalibai kan kawo mata buga rubutu da ɗinke kundin bincike. Ita kuwa ba ta iya ganin jimla a karkace ta wuce, sai ta gyara ko ba a sa ta ba.

Ƙanwarta Auta ta faɗo shagon tana haki, jaka a kafaɗa.

"Yaya, yau ƙarfe huɗu za su rufe. Ki duba min wasiƙar nan, don Allah."

Watan jiya Auta ta kammala karatun aikin gona, yanzu tana neman gurbin horo na shekara guda a wata cibiyar binciken iri. Yaya ta ja kujera gaban kwamfuta ta fara karantawa, leɓɓanta suna motsi.

"Sau bakwai kin rubuta 'ina matuƙar sha'awa'. Ita sha'awar ba ta gaji ba?"

"To me zan ce musu?"

"Me kika yi da hannunki? Shi za ki faɗa. Ina labarin waken nan da ya ƙi tsirowa a gonar gwaji, kika hana mu sakat a gida?"

"Wannan ai abin kunya ne. Sau uku yana mutuwa."

"A na huɗu fa?"

Auta ta yi murmushi. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa, tana faɗa Yaya tana bugawa: yadda ta gano ruwa ne ke kwanciya a kunyoyin, yadda ta ɗaga su da fartanyar aro. Wajen ƙarfe ɗaya suka tura. Yaya ta miƙe tana murza wuya.

"Allah Ya ba da sa'a. Tashi ki ba ni wuri, ina da kundi uku."

Auta ba ta tashi ba. Ta buɗe jaka ta ciro wata sanarwa da aka ninke huɗu.

"A ofishin ba ɗalibai shawarar aiki na gan ta. Wani kamfanin buga littattafai ne zai horar da masu tace rubutu. Wata shida, kwana uku a mako, har da alawus. Su ma yau za su rufe."

"Ke da gona, ina ruwanki da tace rubutu?"

"Ba ni ba."

Yaya ta dube ta, ta dubi takardar, ta yi wata 'yar dariya. "Wannan ta yara ce, Auta. Ni da 'ya'ya biyu?"

"Karanta layi na huɗu."

Ta karanta. Duk mai digiri, babu iyakar shekaru. Ta ajiye takardar a kan injin kamar ta ɗauki zafi.

"Shagon fa? Wa zai zauna?"

"Ni. Ko an ɗauke ni, sai baɗi za mu fara. Na iya injin nan, na ma san inda ake dukansa."

"Ba dukansa ake yi ba."

"To, lallashinsa."

"Kuma suna son wasiƙar shaida daga wanda ya san aikin mutum. Wa zai rubuta min?"

Auta ta zaro ambulan. "Malamin nan mai farin gashi, wanda kika gyara wa littafinsa bara. Ko zama bai bari na yi ba. Ya ce shafi ɗari biyu kika tsince masa tsaf, kuma har yau yana jin kunyar shafi na arba'in."

Sannan ta fito da abu na ƙarshe, a cikin leda mai kauri. Takardar digirin Yaya ce. Rabon Yaya da ganinta har ta manta launin hatimin.

"Baba ne ya ba ni da safe. A ƙasan akwatinsa take, cikin rigunansa. Ya ce in gaya miki aronki ya yi, ba kyauta aka ba shi ba, kuma ya san ya daɗe bai mayar ba."

Yaya ta juya baya, ta shiga daidaita takardun da suke a daidaice. Auta ta bar ta. Can Yaya ta goge fuska da gefen mayafi.

"Idan ba su ɗauke ni ba fa?"

"Sai mu ce ba su iya karatu ba."

Wasu ɗalibai biyu suka leƙo da takardu. Kafin Yaya ta motsa, Auta ta riga ta karɓa. "Kwafi nawa? Gaba da baya?"

Yaya ta tsaya tana kallon ƙanwarta tana jera takardu a bakin injin, a karkace kaɗan. Hannunta ya ɗaga zai gyara, ta mayar da shi. Agogon bango ya nuna biyu saura kwata. Ta zauna gaban kwamfuta, ta buɗe shafin kamfanin, ta daɗe tana kallon gurbin farko da za ta cike. Sai ta ɗauki waya ta kira maigidanta.

"Baban yara, yau kai za ka ɗauko su daga makaranta."

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Takardar neman gurbi nake cikawa, kuma sai na yi a hankali."

"Ta wa kuma yau?"

Ta gyara zaman kujerar, ta matso da ita kusa da teburin.

"Tawa," ta ce.