Kwarkwaron Auta

Auta bai cika magana ba, kuma hayaniya tana gigita shi. Idan abin ya yi masa yawa, sai ya ciro wani tsohon kwarkwaron keken ɗinkin babansa daga aljihu, ya yi ta juya shi har numfashinsa ya daidaita.

Ranar da malamar aji ta karɓe kwarkwaron, ƙarƙashin benci ya shige ya toshe kunnuwa, bai fito ba sai da aka tashi.

Washegari babansa, tela, ya je ofishin hedimasta tare da shi, tef ɗin awo rataye a wuyansa.

"Malam, abin nan ba na wasa ba ne. Shi ke riƙe da yaron."

"Na ji, Baban Auta. Amma in na ƙyale shi, gobe ɗan makanike zai zo da sifana. Ɗan mahauci kuwa, Allah kaɗai ya san me zai ɗauko."

Hedimasta ya yi dariya. Tela bai taya shi ba.

Malamar ajin, da ke tsaye a gefe, ta ce, "A bar shi a teburina. In yana so, ya ɗaga hannu."

"Yaron da ko ƙishirwa ba ya iya faɗa?"

"A dai gwada, ko kuma..."

"Ɗana ba ƙyallen gwaji ba ne." Ya kama hannun Auta suka fice.

A gida, uwar yaron ta ce, "Maigida, da ka bar malamar ta kai aya."

Tun daga nan tela bai sake kai shi makaranta ba. Kullum da safe Auta kan saka kayan makaranta, ya zauna a bakin shago yana kallon yara suna wucewa. Ga gwangwani cike da kwarkwaro, bai taɓa ko ɗaya ba.

Sai da zango ya ƙare malamar ta zo shagon. Ta ciro kwarkwaron da ta karɓe, ta zura masa igiya.

"A rataya masa a wuya, cikin riga, ba mai gani. Dabarar ba ta zo mini ba sai bayan kun tafi."

Tela ya dubi igiyar, ya dubi irinta jibge a kan kantar shagonsa.

"Malama, zai iya komawa?"

"An ba wani gurbinsa. Ni ma an yi mini canjin makaranta."

Auta ya karɓi kwarkwaronsa ya rataya. Ya ɗauko jakarsa, ya tsaya kusa da malamar yana jira ta yi gaba.

Tela ya sunkuyar da kai, ya taka keke. Babu ƙyalle a ƙarƙashin allura.