Ƙafar Baba Ghali

"Danna sosai mana, Junaid. Ko ba ka ci abinci ba ne?"

Baba Ghali yana kwance rub da ciki a kan tabarma a ƙofar gidansa, ni ina durƙushe wajen ƙafarsa ta hagu. Maƙwabcinmu ne a unguwar Gardole. Shekara talatin yana yi wa 'yan ƙwallon unguwa tausa bayan wasa. Shi ya koya mini: man kaɗanya, tafin hannu, a faro daga idon sawu a tura sama, wajen zuciya. Yakan ce naman da ya sha gudu ɗan yagewa yake yi ya kumbura, tausa ce ke kai masa jini ta sauke kumburin.

Ranar ya dawo daga Kano, kwana biyu a takure cikin mota. Bayan ƙwaurinsa ya yi suntum.

Na ce, "Baba, wannan da zafi fa. Ɗayar ba haka take ba."

"Gajiya ce. Yau kai za ka koya mini ƙafa?"

Na danna. Na tura sama, yadda ya koya mini.

Ya miƙe zai yi alwalar la'asar, sai ya dafe ƙirji ya zauna a ƙasa. Numfashi ya gagara. Muka sa shi a tasi. Bai kai magariba ba.

A asibiti likita ya ce jini ne ya daskare a jijiyar ƙafar saboda dogon zama, gudan ya ɓalle ya toshe huhu. Ya tambaya da Larabci, harshen garinmu, "Akwai wanda ya matsa masa ƙafar?"

Inna Kubura, matarsa, ta ga komai, don a soro take lokacin. Ta ce, "Babu wanda ya taɓa shi." Ba ta dube ni ba.

Na bi likitan waje. "Da a ce an matsa fa?"

"Yakan ɓalle da kansa. Matsa ma takan ɓalle shi. Ba mai iya cewa."

Bayan sadakar uku na shiga gidan da hantsi. Inna Kubura tana zaune a gindin bango da carbi.

"Inna, ni ne na..."

"Randar nan ba ruwa, Junaid."

"Inna, ki bari in faɗa."

"Na ce ba ruwa."

Na ɗauki jarka na tafi famfo. Sawu huɗu na yi. Tana nan inda take, tana kallon ruwan yana hawa har ya kai bakin randar, ya fara zuba a ƙasa.