Mitar Maƙwabci

Da mijin Yaya ya ce zai kawo wa Inna injin kwaɓa fulawa, don ta huta da murza ƙullin biredi da hannu, sai ya roƙi Baba ya ɗauko masa hoton mitar wutarmu. A ƙasar da yake aiki gidaje da yawa layin wuta uku ake ja musu, ya ce, yana so ya ga namu kafin ya saya.

Mitarmu kuwa abin tausayi ce. Gilashinta ya tsage, hayaƙi ya dafa ta, ƙusa ɗaya ke riƙe da ita. Baba ya daɗe yana kallonta. Sai ya zagaya shagon mai walda da ke jikin katangarmu, ya ɗauki hoton tasa, sabuwa fil, mai layi uku. Ina tsaye ina kallonsa.

Ranar da mijin Yaya ya iso, da ƙyar muka shigo da injin. Inna sai shafa shi take kamar jariri. Aka kira mai gyaran wuta, wanda duk unguwa ke ce wa Tartsatsi. Ya juya filogin, ya leƙa mita, ya fashe da dariya.

"Baba, wannan ai doki ne kuka kawo akurkin kaji! Layi uku yake ci, ku ɗaya gare ku, shi ma yana tari."

"Ba dabara?" in ji Inna.

"Akwai mana. Ku ɗauki gidan ku kai shi can inda aka ƙera injin."

Ba wanda ya taya shi dariya. Mijin Yaya ya ciro wayarsa, ya dubi hoton, ya dubi bango. Na ga lokacin da ya gane. Kunnuwana suka ɗau zafi, na rasa inda zan sa idona. Baba kuma ya shiga gyara hular da ba ta karkace ba.

Mijin Yaya ya durƙusa, ya mayar da wayar aljihu.

"Baba, a yafe ni. Ni ne ban duba hoton da kyau ba."

Inna ta juya kansa. "Haba ɗan nan, da karatunka? Ka sa na gaya wa masu shaguna su ƙara odar biredi!"

Ya sunkuyar da kai yana ba ta haƙuri, ita kuma tana ta yi. Yaya ta harari mijin nata. Baba ya yi gyaran murya.

"Bar yaron nan. Mitar mai walda na tura masa. Kunyar tamu na ji."

Tartsatsi ya tattara kayansa a hankali, ya ce ana jiransa a wani gida. Mijin Yaya bai ɗago ba, har yanzu yana durƙushe, kamar shi aka kama.

Inna ta dubi Baba. Sai ta ce da ni, "Auta, kawo wa babanka kujera."