Ɓawon Albasa a Flas ɗin Baba

A gida Likitar Ɓeraye ake kiranta, kuma ta daina musu. Shekara uku ke nan tana abu ɗaya a ɗakin bincike: ta shanya ɓawon albasa, ta niƙa, ta tace wani sinadari rawaya da ake kira filabonoyid, ta ɗura wa ɓerayen da aka sa wa ciwon suga, sannan ta auna ko kumburin jikinsu ya ragu. Ya ragu a wasu, wasu kuma suka mutu ba sallama. Ta gaji da warin keji, ta gaji da shugabanta wanda ya mai da "a sake gwadawa" kamar gaisuwa.

Ran Asabar ta je duba mahaifinta, tsohon tela da suga ya kama shekara goma. Ta tarar ƙafarsa ta hagu ta yi suntum, mikin babban yatsa ya fara baƙi. Kwalin ƙwayoyinsa na kan keken ɗinki, ko ɗaya ba a ɓalle ba. Ta buɗe flas ɗin da ke gefensa, warin albasa ya daki hancinta.

"Baba, mene ne wannan?"

"Maganinki ne, Uwata. Ba ke kika ce ɓerayenki sun samu sauƙi ba? Mai albasa na bakin titi ke tara min ɓawon, wata biyu ke nan ina dafawa."

"Ɓera na ce, Baba! Su ma ba mu gama tabbatarwa ba."

"To, ɓera ya fi ni gata ke nan?"

Dariya yake yi. Ita kuwa ta tuna ranar da ta ba shi labarin ɓerayen. Ya tambaye ta me aikin nan ya tsinana mata, ta ji haushi, ta faɗi gaskiya amma ta sa mata gishiri don ya daina tausaya mata.

A asibiti likita ya danna ƙafar, ya girgiza kai. Yatsan dai sai an yanke, sauran kuma sai abin da hoto ya nuna.

"Wa ya ce ka bar shan maganinka, Baba?" in ji likitan.

Ta buɗe baki za ta amsa, tsohon ya damƙe wuyan hannunta.

"Ba kowa, likita. Taurin kaina ne. Wannan yarinyar kullum sai ta yi min faɗa."