Hannun Auta

Autana zane yake yi. Da shi yake ci, da shi yake riƙe matarsa. Duk wata yana fitar da littafi ɗaya mai shafi talatin da biyu, hotuna gida-gida, mutane suna magana cikin kumfa a saman kawunansu. Sunan littafin Hawa na Tara. Labarin wani kamfani ne da manyansa ke cin naman juna. Ya fitar da casa'in da uku, mutane suna saye.

Karatuna bai yi nisa ba, amma hoto ba ya neman malami. Na duba su duka, kuma duk hanyarsu ɗaya. Shafin farko dogon tebur ne da mutane cikin kwat. Mai kamfani yana tsaye bakin taga, ya ba su baya. Wanda ya fara dariya a taron shi ne maci amana. Mai gadi yana mutuwa a shafi na biyar, rub da ciki, ba a taɓa ganin fuskarsa ba. Duk wanda kamfanin zai taɓa kuwa, sai an yi masa gargaɗi uku. Da farko a buga masa waya. Sannan a fasa masa gilashin mota. A na uku ake zuwa jikinsa, kuma ko a nan sai mugun ya tuɓe kwat, ya naɗe hannun riga, ya cika shafi guda da bayanin dalili.

Ranar da bakina ya jawo mana abin, na je ɗakin aikinsa ne in huta. Ɗaki ɗaya ne a saman shagon wani mai facin taya. Tebur, fanka, kwalaben tawada, da doguwar kabad ta ƙarfe mai durowa huɗu inda yake adana zanensa. Na tarar yana zana wani ƙato da bindiga a kan akanta, ƙaton yana ta zuba.

Na ce, "Wannan mugu ne ko mai wa'azi?"

Ya ce, "Baba, mai karatu yana so ya san dalili."

"Wanda za a daka ya san dalili tun kafin a zo. Kuma wa ya ce maka da bindiga ake zuwa wa akanta? Bindiga tana tara jama'a."

Ya ajiye alƙalami. "To da me ake zuwa, tunda ka sani?"

Dariya yake yi mini. Ita ce ta ci ni.

Shekara ashirin da shida na yi ina tuƙa mai wani kamfanin jigilar kaya. A takarda direba ne ni. Sauran aikin ba a rubuta shi. Uwar su Auta ta rasu ba ta sani ba, ko ta sani ta haɗiye. A ranar na tashi, na jawo durowar kabad ɗinsa ta biyu daga ƙasa, na nuna masa. Mutum uku ke zuwa. Ɗaya ya tsare ƙofa, ɗaya ya riƙe mutumin, a ɗora yatsunsa a bakin durowa, na uku ya rufe ta da ƙafa. Ba a cewa uffan. Na ba shi labarin akantan da muka yi wa haka. Na gaya masa har da kifayen da ke yawo cikin gilashi a ofishin, da yadda mai kamfanin ya zauna yana yanke farcensa har aka gama.

Auta ya daina dariya. Sannan ya jawo sabuwar takarda.

Littafi na casa'in da huɗu ya fita da durowar, da kifayen, da mutumin da ke yanke farce, har da tabon da ke bayan kunnensa, wanda ban ma tuna na faɗa ba. An ce ba a taɓa sayen wani kamar sa ba. Mai kamfanin ya tsufa, amma yana raye, kuma akwai masu kai masa labari.

Kwana tara bayan haka matar Auta ta aiko in zo. Na same su a falo, ita a tsaye, shi yana shan shayi.

Ta ce, "Baba, ku yi masa magana, ni bakina ya gaji. An buga masa waya ɗazu. Ba a gaisa ba, ba a faɗi suna ba. Aka ce, da wane hannu kake zane? Aka kashe."

Na ce, "Ka amsa?"

Ya ce, "Na ce da dama, kamar kowa."

"Haɗa kayanka. Yau za ku bar garin."

"Haba, Baba. Saura shafi goma sha ɗaya in gama na casa'in da biyar. Maɗaba'a na jira." Ya kurɓi shayi. "Wannan waya ce kawai. Ko motata ba su taɓa ba. In sun fasa gilashi, sai mu san abin ya girma."

Matarsa ta tafa hannu. "Kun ji ko? Littafinsa yake karanta mana. Malam, su waɗannan ba kai ka zana su ba!"

"Ke ba ki san yadda manyan nan suke ba. Tsoratarwa suke so. Mutum mai kamfani ba ya fara da jini, yana da suna da zai kare. Shekara takwas ina nazarin irinsu."

Na ce, "A ina ka yi nazarin?"

Ya mayar da kai kan shayinsa.

"A kan teburinka ka yi. Ni a cikin motarsu na yi. Ba su tambaye ka don su tsorata ka ba. Sun tambaya ne don kada su yi aiki biyu."

Ya ce, "Mako ɗaya, Baba. Wallahi mako ɗaya."

Taurin kan nawa ne, ban isa in ce a titi ya tsinto shi ba. Na bar maganar.

Washegari na riga shi zuwa ɗakin aikin. Na ari ƙarfen cire taya a wurin mai faci, na ce kabad zan gyara. Na duba ƙofar baya, wadda ke sauka ta matakalar ƙarfe zuwa lungu, na zare sakatarta na bar ta a sakaye. Na ja kujera kusa da ƙofar gaba na zauna, ƙarfen a kan cinyata. Auta ya zo ya gan ni, ya girgiza kai.

"Yau mai gadi na samu? Baba, ka san abin da ke samun mai gadi a shafi na biyar."

"Yi aikinka."

Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, mai faci ya tada injin iskarsa a ƙasa. Cikin ƙarar na ji takun mutane a matakala. Biyu suna hawa daidai. Na uku yana jan ƙafar hagu, yana ɗora ta a kowane tsani bayan ta dama. Na san takun. Tsatsa ne. Ni na ɗauke shi aiki, ni na koya masa, kuma ina wurin ranar da ƙofar tirela ta murƙushe masa gwiwar.

Na ce, "Auta, ƙofar baya. Yanzu."

Ya ɗago. Da ya tashi a lokacin, da ya kai lungu kafin su gama hawa. Sai ya miƙe a hankali, ya cire tabarau, ya rufe kwalbar tawada, ya harɗe hannu a ƙirji kamar jarumin littafinsa.

Ya ce, "Da rana tsaka? Magana suka zo yi. Bari in ji ta bakinsu."

"Fita, don ubanka!"

Ƙofa ta buɗe. Ƙarti biyu suka shigo ɗauke da kwali, kamar masu kawo takarda. Auta ya ce, "Wa ya aiko ku? Ku zauna mu..."

Na farkon ya saki kwalin ya dunƙule hannu ya zuba masa a maƙogwaro. Maganar ta mutu a nan. Ya durƙushe yana kakari, idonsa waje.

Ba su lissafa da tsoho a bayan ƙofa ba. Na sauke ƙarfen a hannun na biyun, ƙasa da gwiwar hannu. Ya ƙarye kamar busasshen kara. Ya yi ihu ya faɗa kan tebur, shafuka goma sha ɗaya da ba a gama ba suka watse. Na ɗaga zan ƙara, sai na farkon ya juyo ya tokare ni a ƙirji da takalmi. Shekarata saba'in da ɗaya. Na tashi sama na bugi kantar jikin bango, kwalabe suka zubo mini a ka. Ƙarfen ya tafi ƙarƙashin tebur. Bakina ya cika da jini da tawada, numfashi ya ƙi shiga.

Tsatsa ya shigo ya mayar da ƙofa ya murza makulli. Ya yi ƙiba, gashinsa ya yi fari. Ya dube ni a ƙasa.

Ya ce, "Oga."

Iyakar gaisuwar ke nan.

Ƙaton da ya tokare ni ya ja Auta a ƙasa ta wuyan riga har gaban kabad. Ya jawo durowa ta biyu daga ƙasa. Ya danne masa baya da gwiwa, ya murɗe hannun dama, ya shimfiɗa yatsun a bakin ƙarfen, huɗu a jere. Auta yana fisga, muryarsa ba ta fita. Yana kallon Tsatsa. Na rantse har lokacin jira yake a ce masa wani abu.

Tsatsa bai cire komai ba, bai naɗe komai ba. Ya ja da baya taku biyu, yadda na koya masa.

Tsakanina da kabad bai fi tsawon mutum ba. Na ja ciki. Ban iya tashi ba, kuma babu abin da zan cusa a durowar sai abin da Allah ya ba ni. Na tura hannuna na dama har wuyansa, kusa da yatsun Auta. Wuyan hannu ya fi yatsa kauri. Shi ƙarfen zai fara samu.

Tsatsa ya tsaya. "Cire hannu, Oga."

Ban cire ba.

Ya buga.

Na ji ƙarar kafin in ji zafin. Durowar ta dawo baya kaɗan, ya sake bugawa. A ta biyu ƙashin ya ba da hanya, ƙarfen ya wuce ya kama gefen hannun Auta. A nan muryarsa ta dawo. Ban taɓa jin ɗana ya yi irin wannan kukan ba, ko yana jariri.

Wanda zai rufe durowa da ƙafar dama, a kan ta hagu yake tsayawa. Da Tsatsa ya ɗaga ƙafa karo na uku, na juya a ƙasa na tattara abin da ya rage mini na doki gwiwar nan da diddige, daga gefe. Ta lanƙwashe ta inda gwiwa ba ta lanƙwasa. Ya faɗo kaina da dukkan nauyinsa. Na kama kunnensa da haƙori ban saki ba. Yana dukana a haƙarƙari, ina jin suna karyewa ɗaya bayan ɗaya, ban saki ba sai da ya bar mini guntu a baki.

Injin iska ya mutu a ƙasa. Sai ihun mai faci da mutanen layi, suna dukan ƙofa da kafaɗa. Ƙaton ya saki Auta, ya ciccibi Tsatsa, mai karyayyen hannun ya bi su. Ta ƙofar bayan da na zare wa sakata suka fita.

Mai faci ne ya zaro hannuna daga durowar. Ya dube shi sau ɗaya ya juya ya yi amai.

A asibiti likita ya ce hannuna ba zai ƙara dunƙulewa ba. Ya ce in gode Allah da ba a yanke ba. Haƙarƙari huɗu sun karye. Na ce ya bar nawa ya gaya mini na yaron. Ya ce ƙaramin yatsa ya tafi, na kusa da shi ya karye wuri biyu, na tsakiya ya tsage. Babban yatsa da manuni ƙarfen bai same su ba. Ko zai riƙe alƙalami, ya ce sai an kwance.

'Yan sanda sun zo sun rubuta. Na ce ban san kowa ba. Matar Auta tana tsaye tana ji. A mota, da aka sallame mu, mijinta ya gaya mata inda labarin durowar ya fito. Tun ranar tana kawo mini abinci, tana wanke mini ciwo, tana cewa "sannunku, Baba," amma ba ta ƙara zama a ɗakin da nake ba. Ban ga laifinta ba.

Muka koma gidan yayar Auta a wani gari. Bayan mako bakwai aka kwance masa ɗauri. Hannun ya rame, ya yi fari, gefensa a dunƙule kamar an gutsure. Kwana uku yana ɓoye shi cikin aljihu. A rana ta huɗu na sa aka sayo takarda da alƙalami, na ajiye a gabansa da hannun hagu.

Ya ce, "Baba, ba yau ba."

"Ja layi."

"Yana rawa. Ka gani ai."

"Na gani. Ja."

Ya ɗauka. Alƙalamin ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin kujera. Yayarsa ta sunkuya za ta ɗauko, na ce ta bar shi. Ya ɗauko da kansa. Ya matse shi tsakanin babban yatsa da manuni, ya jingina tsagaggen a ƙasa, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Layin farko ya fita kamar sawun tsutsa.

Na ce, "Sake."

Na biyu ya yage takardar. Ya zage ni a ƙasan maƙoshi, na yi kamar ban ji ba. Na uku, na huɗu. Matarsa ta zo bakin ƙofa ta tsaya. Ya share ido da kafaɗa, ya gyara zaman takardar, ya saki numfashi.

Na tara ya tafi daga wannan gefe zuwa wancan bai karkace ba.

Na ce, "Ya isa na yau. A ba shi abinci."