Gashin da Nagamani Ta Kawo a Leda

Shekara ashirin da shida ke nan ina aske kan mata masu cika bakance a wurin bautar da ke kan tudu, amma ban taɓa ganin wadda ta zo da gashinta a leda ba sai Nagamani. Ta tsuguna gabana da 'yarta a gefe, ta ƙi sauke gefen sarinta, zanen da ta yafa, daga ka.

"Ke 'yar nan, zanen zan aske?" na ce. Layi ya kai ƙofa, ni kuwa haƙurina bai da yawa.

Ta buɗe. Gashin ya yi shara-shara, har fatar kai ake gani. Ta miƙo ledar.

"Inna, ga sauran. Ko sili ɗaya ban yar ba."

Taifot ne ya kwantar da su, ita da yarinyar. Ta yi bakance in 'yar ta tashi za ta ba da gashinta, wanda a lokacin har kwankwaso yake. Suka warke, shukar shinkafa ta hana ta zuwa. Bayan wata uku gashi ya fara bin mataji dami-dami. Surukarta ta ce ai abin bautar ne ya yi fushi da jinkirinta, ya karɓe gashin ba da yardarta ba, saura yarinyar.

Raina ya ɓaci. Wasu tsofaffin dai bakinsu ya fi askata kaifi.

Na jiƙa hannu na shafa goshinta. Ga su nan kuwa, ƙananan gashi tsaye cako-cako.

"Surukar taki kai nawa ta taɓa askewa? Kawo hannunki. Me kika ji?"

"Kamar ƙaiƙayi."

"Sabo ne. Wannan na ledar dama ba shi da rai, mai ran yana ƙarƙashin fata. Zazzaɓi mai zafi yakan sa saiwoyin su yi barci gaba ɗaya. In sun farka, sabon ya turo tsohon waje, shi ya sa sai bayan wata uku ake ganin zuba. Duk damina ina ganin irinki. Faɗin ɗan yatsa zai riƙa yi a wata, kar ki ishe shi da awo."

Ta daɗe tana shafawa.

"To Inna, za a karɓa?"

Wannan kam ban sani ba, ni wanzamiya ce. Na aske abin da ya rage, na kwance ledar na haɗa su, na ɗaure da zare kamar na kowa, na jefa kan tulin na sauran mata.

"Nuna mini naki," na ce.

Ta duba, ta sake dubawa, ta kasa. Sai ta rungume 'yarta ta fashe da kuka, yarinyar kuwa tana ta ƙyalƙyala wa ƙwalƙwal ɗin uwarta dariya.